Saura Yatsa Biyu

Shekara tara tana kwance bayan gidanmu na Aboabo,
Datsun ɗin Baba, a-kori-kura mai launin ganyen ayaba.
Kaji sun yi ƙwai a kujerar direba,
tayoyi sun sha ƙasa har sun manta hanyar Ejura.

Ran Talata muka ja ta da igiya zuwa Suwame,
inda ƙarfe ke wuni yana gardama da ƙarfe.
Masta Adjei ya ɗaga bonet, ya yi tsaki,
ya ce da Hausarsa ta kasuwa:
"Hasiya, injin nan ya riga mai shi rasuwa."

Na sayar da keken ɗinkina biyu.
Muka sayo injin dizal, na hannu, saukar Tema,
da rubutun wata ƙasa a jikinsa
wanda duk garejin ba mai iya karantawa.

Aka rataye shi da sarƙa a gindin mangwaro,
yara uku na saki, Kwaku na ihu: a hankali!
Ya sauko kamar guga a rijiya,
ya sauko,
sai ya tsaya.

Saura yatsa biyu.

Masta ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi.
Ya daɗe. Ƙafafunsa kaɗai nake gani,
silifas ɗaya ja, ɗaya shuɗi.
Da ya fito, dariya yake:
"Wa ya taɓa ƙafar gaban nan?
Sifirin na Marsandi, shokozoba na Fijo,
ga wani gungumen ƙarfe an gitta
daidai inda kwanon mai zai zauna."

Na san wa.
Ina shekara bakwai na riƙe masa tocila,
daren da gaba ya karye a gangaren Mampong
da doya ɗari huɗu a baya,
ya rantse ba za ta ƙara durƙusa wa kowa ba.
Ɗinkin waldarsa na nan, kumbura-kumbura,
mummuna kamar tabon ƙuna,
amma bai taɓa saki ba.

"A yanke," in ji Masta. "Minti goma ne."
Tahiru mai walda har ya kunna wuta.
Na ce a'a.
Ba a rushe ƙofar zaure don tsawon baƙo,
baƙon ne ke sunkuyawa.

Kwana huɗu taurin kaina ya ci mana.
Aka cire kwanon mai, aka yanka, aka juya tumbinsa baya,
aka ƙera wa inji mazauni da guntun shasin tifa,
aka yanko tsohuwar taya aka yi masa matashi.
Lagireto ya matsa gaba don fanka ta samu wurin numfashi,
salansa ta lanƙwashe kamar macijin da ya ga sanda.
Kuɗin aiki ya tsallake ciniki da sidi ɗari tara.
Masta na cin wake da shinkafa a ganye
yana zagina da Tonanci, a zatonsa ba na ji.

Ran Asabar, bayan la'asar,
ya zura yatsa biyu tsakanin kwano da ƙarfen Baba.
Suka shige, suka fito, ko ƙujewa babu.

Na murɗa makulli.
Tari ɗaya. Tari biyu.
Baƙin hayaƙi ya kori awakin maƙwabta,
sannan murya ta zauna,
mai kauri, mai gunguni daga ciki,
ba wadda na sani ba.
Sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro.
Ashe tsohuwar nake jira.

Na fita ta hanyar Tafo.
Sitiyari na jan hagu kaɗan, kamar da.
Gaban maƙabarta akwai wani rami
da kowane direba ke rage masa gudu.
Ban taka birki ba.
Gaba ya nutsa, ya taso,
ba abin da ya bugi ɗan'uwansa.

Na danna hon sau biyu,
yadda yake yi in ya shigo lungu
don Inna ta ɗora ruwan shayi.
Mai sayar da rake ya ɗago, ya harare ni.
Na sa giya ta uku.